Tana Ganin Kaza, Ba Ta Gane Jikanta

Wannan makon zancen ba na yara ba ne, ko da yake za mu biya ta kansu kafin mu rabu. Na iyayenmu ne, waɗanda muke zuba wa tuwo mu kai musu ɗaki.

Kwanakin baya wata mata ta kawo mana mahaifiyarta daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ajingi. Tsohuwar za ta haura saba'in, siririya, tsaf-tsaf da ita, da carbi a hannu. Ciwon gwiwa ne ya kawo su, ba ido ba. Ina cikin gwada mata hawan jini sai na lura tana amsa mini magana amma idonta yana kan gefen kafaɗata, kamar mai jin nauyina. Na ce, "Inna, kina ganina kuwa?"

Ta ce, "Ina ganin farin kayanki, 'yar nan. Fuskar ce dai babu."

'Yar tata ta yi caraf ta karɓe zancen. "Sista, ki rabu da Inna. Shekaranjiya kaza ta nufi shanyar gero, tana bakin ɗaki ta hango ta ta kore ta. Amma jikanta ya dawo daga Kano ya durƙusa a gabanta, sai da ya yi magana ta gane shi. Matan gida har sun fara cewa gani take yi sarai, wanda ta ga dama take ganewa."

Tsohuwar ba ta ce komai ba, carbinta kawai take ja. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, don na san irin ƙuncin da ke cikinta. Ga ciwo, ga kuma tuhuma a kan ciwon.

Daga nan 'yar ta buɗe jaka ta fito da wata kwalba mai hoton kifi, cike da kafso rawaya. Ta ce a wani zauren WhatsApp na mata ta ga bidiyon, wai masana a Amurka sun gano man da ke dawo da ganin tsofaffi. Kwasar adashinta ta zuba ta sayi kwalba uku. An shanye biyu. Ta tambaye ni ko ta ƙara adadin da Inna ke sha, tunda har yanzu shiru.

Amsar da na ba ta a tsaye, cikin layin marasa lafiya, gajeruwa ce. Doguwar ita ce wannan.

A can bangon baya na ido, ta ciki, akwai wani tantani siriri kamar ɓawon albasa. Likitoci suna kiransa retina. Shi ke karɓar haske ya mayar da shi saƙo ya aika wa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarsa akwai wani ɗan fili, faɗinsa milimita 5 da ɗoriya, bai fi ƙwayar wake ba. Sunansa makula. Ni in ina yi wa marasa lafiya bayani cibiyar gani nake ce masa.

Duk wani aikin ido mai buƙatar ƙurewa, wannan ɗan filin ne ke yin sa: zura zare a allura, tsince tsakuwa a shinkafa, karatun Alƙur'ani, ƙirga canji, gane fuskar mutum, har da rubutun nan da kike karantawa a wayarki. Sauran tantanin kuwa aikinsa ganin gefe, ganin motsi, da gani cikin duhu-duhu. Ki gwada yanzu. Ki kafa idonki a kan kalma ɗaya a layin nan, kada ki motsa shi, ki yi ƙoƙarin karanta layi na huɗu a ƙasa. Kina ganin akwai rubutu, amma ba ya karantuwa. To da irin wannan ganin Inna take rayuwa. Kaza motsi ce a gefe, sai ta gan ta. Fuska kuwa sai an dube ta kai tsaye, a daidai wurin da ya lalace. Ba ƙarya take yi ba, ba kuma wulaƙanci ba ne.

To ina ruwan maiƙo da wannan?

A cikin tantanin nan akwai ƙwayoyi masu kama haske kusan miliyan 100 a kowane ido. Kowace ƙwaya tana da tsini, a cikin tsinin kuma an jera wasu faya-fayai ɗaruruwa, ɗaya kan ɗaya, kamar yadda mai gurasa ke jera gurasarta. A jikinsu haske ke sauka. Su kuma faya-fayan da maiƙo aka gina su, kuma ba kowane irin maiƙo ba. Kusan rabinsa wani nau'i ne da ake kira DHA, ɗan gidan omega-3, wanda ake samu a kifi. A duk jikin mutum babu inda DHA ya taru da yawa kamar nan.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa ga wadda ta san kicin. Ki ajiye kitsen saniya da man gyaɗa a daren hunturu. Da safe kitsen ya daskare, man yana nan yana motsi. DHA ya fi man gyaɗa laushi nesa ba kusa ba. Sinadarin da ke kama haske yana zaune ne a cikin wannan maiƙo, kuma dole ya juya jikinsa cikin ƙiftawar ido duk lokacin da haske ya taɓa shi. A cikin abu mai tauri ba zai iya ba.

Sai dai mai laushi shi ne mai saurin lalacewa. Kin san man da aka bari a rana baki buɗe, yadda yake canja wari ya riƙa kartar maƙogwaro. Haske da iska ne suka yi masa haka. To bayan ido wuri ne da haske ke sauka tun asuba har dare, kuma yana cikin sassan jiki da suka fi shan iskar da jini ke kawowa. Wato an ajiye mai mafi saurin lalacewa a wurin da ya fi saurin lalata mai.

Dabarar da aka halicci ido da ita ita ce sabuntawa. Kullum ƙwayoyin nan suna zubar da tsofaffin faya-fayai daga sama, suna gina sababbi daga ƙasa. Cikin kwana 10 ko makamancin haka tsinin gaba ɗaya ya zama sabo. A bayansu akwai wani jerin ƙwayoyi da aikinsu shara: su haɗiye abin da aka zubar, su tsince DHA mai kyau su mayar a sake amfani da shi, su fitar da datti. Abin da ya fi ba ni mamaki tun muna makaranta shi ne masu sharar nan ba a canja su. Waɗanda aka haife ki da su, su ne za su yi ta yi har tsufa. Ki ƙaddara mace ɗaya tana share tsakar gida kullum, shekara saba'in, babu kishiya babu 'yar aiki. Wata rana dole a fara ganin shara a lungu.

Sharar da ke taruwa a ido ɗigo-ɗigo ce rawaya, haɗin maiƙo da furotin, likitoci suna ce mata durusen. Kaɗan daga cikinta ba laifi, tsofaffi da yawa suna da ita suna gani lafiya. In ta yi yawa ta yi girma sai ta tsaya tsakanin ƙwayoyin gani da jijiyoyin jinin da ke ciyar da su. Masu shara su gaji su mutu, ƙwayoyin da ke kansu su bi su. Cibiyar gani, da yake ita ta fi kowa aiki, ita ke fara faɗuwa. Wannan shi ne ciwon lalacewar makula na tsufa. Wani ƙiyasi da aka buga a 2014 ya ce masu shi a duniya za su kai miliyan 196 a 2020, su kai miliyan 288 a 2040.

Akwai wani ɓangare na labarin maiƙon da shi ne ya haifi bidiyon da matar nan ta gani. Ido ba ya tsayawa a kan omega-3 ɗin da jini ya kawo masa. Yana ɗaukar wani kaso ya ƙara masa tsawo, kamar mai kaɗi tana jan zare daga auduga, har ya zama wasu dogayen nau'o'i da kusan ba a samun su a abinci. A nan cikin ido ake ƙera su. Ma'aikata biyu ne ke wannan jan zare, masana sun sa musu suna ELOVL2 da ELOVL4. A 2001 aka gano wasu iyalai da suka gaji naƙasa a na biyun, kuma 'ya'yansu tun da ƙuruciya suke rasa ganin tsakiya. An kuma auna idanun mutanen da suka rasu da ciwon makula, aka tarar dogayen nau'o'in nan sun ragu a cikinsu. Shi kuwa na farkon, ELOVL2, ƙarfinsa raguwa yake yi yayin da shekaru ke tafiya.

A 2025 wasu masu bincike a Jami'ar Kaliforniya da ke Irvine, ƙarƙashin wata masaniya mai suna Dorota Skowronska-Krawczyk, suka buga sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki wani nau'in maiƙo da ELOVL2 ke ƙerawa suka sa wa tsofaffin ɓeraye, ganinsu ya ƙaru. Labari ne mai daɗi, ni ma na yi murna da na karanta. Amma ki lura da abin da mai tallar kwalba ya tsallake. Ɓeraye ne, ba mutane ba, kuma ɓera ba shi da makula sam. Da allura aka zuba maiƙon a cikin ido, ba haɗiya aka yi ba. Sannan ba man kifin kasuwa ba ne. Su kansu masu binciken sun gwada DHA shi kaɗai, bai yi wannan aikin ba.

Shi kuwa kafson man kifi an riga an gwada shi a kan mutane, gwaji babba. Cibiyar Ido ta Ƙasa ta Amurka ta tara mutum 4,203 masu shekara 50 zuwa 85 da ciwon ya fara kamawa, ta ba wasu omega-3 kullum, wasu ba ta ba su ba, ta bi su kimanin shekara 5. Sakamakon ya fito a 2013, ana kiran binciken AREDS2. Man kifin bai rage saurin ciwon ba. Abin da ya nuna amfani wani haɗi ne dabam, na bitamin C da E da zinc da wasu sinadarai, wanda tun a 2001 aka ga yana rage haɗarin tsanantar ciwon da kimanin kashi 25 cikin 100. Shi ma ga wanda ciwonsa ya kai matakin tsakiya ne kawai. Ba ya hana lafiyayye kamuwa, ba ya dawo da abin da ya tafi, kuma sai likita ya leƙa bayan ido zai san ko mutum yana wannan matakin.

Wata za ta ce, to Sista, kin ce ido da DHA aka gina shi, kin kuma ce shan DHA ba ya magani, wanne za mu kama? Duka biyun. Gida da ƙasa ake gina shi, amma in katanga ta zube, tula ƙasa a ƙofar gida ba ya tayar da ita in maginin ya tsufa. Bincike da dama sun nuna masu cin kifi a kai a kai tsawon rayuwarsu sun fi ƙarancin kamuwa da ciwon. Wannan cin shekara da shekaru ne, a cikin tukunya, tare da ganye da sauran abinci. Ba ɗaya ba ne da kwalbar da aka sayo bayan gani ya tafi.

Abin da ya fi damuna da kwalbar ma ba kuɗin ba ne, watannin da aka ɓata ana jira ne. Domin a ƙasarmu, in tsoho ya ce ba ya gani, mafi yawanci ba makula ba ce. Tsakanin 2005 da 2007 an yi binciken makanta na ƙasa baki ɗaya, aka duba mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An tarar kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kuma Arewa ta fi Kudu yawansu. Cikin makafin, kashi 43 cikin 100 yanar ido ce, wadda aikin da bai kai awa ɗaya ba yake cirewa. Kusan kashi 17 hawan jinin ido ne, wanda in an kama shi da wuri ana tsayar da shi. Jimilla kashi 84 cikin 100 na makantar abin da za a iya hanawa ne ko a warkar. Ciwon makula ya fi yawa a tsakanin Turawa fiye da mu, ko da yake muna da shi, kuma zai ƙaru yayin da tsofaffinmu ke ƙara tsawon rai. Saboda haka tsohuwar da ake ɗura wa man kifi a Toranke ko Kademi, mai yiwuwa yana ce kawai gare ta, tana zaune cikin duhu ba gaira ba dalili.

Ko da makular ce, iri biyu ce. Busasshiya ita ta fi yawa, tana tafiya a hankali, shekara da shekaru. Ɗayar kuma mai tsatstsafo ce: wasu sababbin jijiyoyi marasa ƙwari suke tsirowa a ƙarƙashin cibiyar gani, su riƙa yoyon ruwa da jini. Wannan cikin makonni take cinye gani. Ita kuwa tana da magani, allura ce da likitan ido ke yi a cikin idon, ana maimaitawa. Tun wajen 2006 ake yin ta a duniya, kuma akwai mai suna Avastin da aka fi amfani da ita saboda ta fi sauƙin kuɗi. Na san jin an ce allura a ido yana tayar da tsikar jiki. Ana kashe zafin wurin tukuna, kuma ba ta ɗaukar lokaci. Amma tana ceto abin da ya rage ne. Wata uku na jiran kwalba ya isa a rasa shi.

Ga gwajin da za ki yi wa Inna ko Baba yau, ba ko sisi. Ki zaunar da su inda akwai haske, su fuskanci wani abu mai miƙaƙƙun layuka, kamar ƙarfen taga ko gefen ƙofa. In suna sa tabarau na karatu su sa. Su rufe ido ɗaya da tafin hannu, ba tare da dannawa ba, su kafa ɗayan a wuri guda. Ki tambaya: layukan a miƙe suke, ko sun lanƙwashe kamar ana kallonsu a cikin ruwa? Akwai inda ya ɓace, ko wani tabo a tsakiya? Sai a canja ido. Rufe ɗayan shi ne muhimmi, don lafiyayyen ido yana rufa wa maras lafiya asiri, har mutum ya yi shekara bai sani ba. In layi ya lanƙwashe, musamman in kwanan nan abin ya fara, wannan ba na jiran a sayar da amfanin gona ba ne. Cikin makon za a tafi.

A fara da asibiti mafi kusa, ko Gaya ko Wudil, a nemi takardar turawa. Ganin bayan ido sosai sai wurin likitan ido mai kayan aiki. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin ido na ECWA da yake aiki tun 1943, da asibitin ido na Makka. A Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Za a ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido, kuma gani zai yi hazo na wasu awanni, don haka kada tsoho ya tafi shi kaɗai. A tafi da duk magungunan da yake sha. Ina faɗin haka ne don ciwon suga yana kumbura wannan cibiyar, sannan kulorokwin, in an ɗauki shekaru ana shan sa, shi ma ita yake lalatawa, kuma akwai tsofaffin da suka mayar da shi abokin kowane zazzaɓi. Kafin a je, don Allah kada a ɗiga komai, ko ruwan albasa, ko maganin ɗigawa na kemis da ba likita ya rubuta ba. Wasunsu in an daɗe ana sawa su ne ke jawo hawan jinin ido.

Yanzu mu dawo tukunya, inda ke ce mai iko.

Mu nan Wudil tana kusa da mu, tarwaɗa da karfasa ba baƙinmu ba ne, ɗanye da banda. Abinci ne mai kyau mai gina jiki, a ci gaba da ci. Amma in omega-3 ake nema, kifin teku mai maiƙo ya fi su sosai: titus, shawa, da sadin na gwangwani. Wato kifin ƙanƙarar da wasu ke rainawa. Shawarar da hukumomin lafiya suka fi bayarwa ita ce kifi sau 2 a mako. Na san yadda kasuwa take, ni ma cefane nake yi. Ko gwangwani ɗaya aka farfasa a miya ya fi babu, kuma a miya ya fi a soya shi ƙayau cikin man da ya sha suya har ya yi baƙi. Waken suya da awara suna da ɗan uwan omega-3, sai dai kaɗan ne jiki ke iya juyawa ya zama DHA. Suna taimakawa, ba sa maye gurbin kifi.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, in kifin ya shigo gida, wa ke ci? Ni a gidan da na tashi tsakiya ta maigida ce, jela ta yara, mai girki kuma kai da romo, in ma ya rage. Ba na zargin kowa, haka muka tarar. Amma a watanni 3 na ƙarshen ciki jariri yake jan DHA mafi yawa daga jikin uwa, yana gina ƙwaƙwalwa da bayan ido. Bayan haihuwa daga nono yake samu, kuma yawan wanda ke cikin nonon yana bin abin da uwar take ci. Ke nan mai ciki da mai shayarwa su ne ya kamata a fara cire wa yanka mai kyau, sannan a shayar da nono zalla wata 6. In maigida ya yi ƙorafi ki nuna masa wannan layin, ki ce Sista ce ta ce. Abu ɗaya: mai ciki kada ta sha man hantar kifi sai da izinin likita, bitamin A ɗin da ke cikinsa ya yi yawa ga ɗan tayi.

Ganye kuma mu ne masu arziki. Cibiyar gani tana da wani launi rawaya da ke tare mata haske mai cutarwa, yana kuma kare maiƙon nan daga lalacewa. Daga abinci kaɗai take samun sa: koren ganye irin su alayyafo da zogale, gwaiduwar ƙwai, da jar masara. Kuma hanji ya fi tsotse shi in an haɗa da mai. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa, wanda kakanninmu suke yi ba tare da sun ji sunan makula ba, daidai yake da abin da littafi ya ce. Da damina a ci ɗanye, a kuma shanya na rani a inuwa. Camfin hana yara ƙwai kuwa, wai kada su yi sata, lokacin ajiye shi ya yi.

Cikin duk abin da mutum ke iya canjawa, taba ce ta fi kowa laifi a ciwon nan. Mai shan sigari haɗarinsa ya ninka na wanda ba ya sha sau 2 ko fiye, don hayaƙin yana gaggauta irin lalacewar man da muka yi bayani. Shisha ma hayaƙi ce, a gaya wa samarin gida. Hayaƙin icce kuma an danganta shi da yanar ido, don haka mai girki a rufaffen madafi ta nemi inda iska ke wucewa. A kula da hawan jini da suga.

Ita Inna, bayan sati biyu suka hau mota daga Ajingi zuwa Gaya, Gaya zuwa Wudil, Wudil zuwa Kano. 'Yar ta dawo mini da takardar. Busasshiyar makula ce a ido biyu, ta yi nisa a na dama, da 'yar yana a na hagu da likita ya ce za a cire in ta ƙara. Ganin tsakiyar da ya tafi ba zai dawo ba. Amma ya gaya musu abin da ya sa tsohuwar ta yi barci a daren nan: wannan ciwo shi kaɗai ba ya jefa mutum cikin duhu gaba ɗaya, ganin gefe yana nan. Ashe abin da take tsoro ke nan tun bara, ba ta faɗa wa kowa ba, tana ƙirga ranar da za a fara yi mata jagora zuwa banɗaki.

Muka zauna da 'yar muka tsara gidan. Fitila mai haske sosai a ɗakinta. Tuwo a kwano mai duhu, don fari kan fari ɓacewa yake yi mata. Kada a matsar da buta ko kujera daga inda ta saba. Karatun Alƙur'ani a sa mata a waya ta saurara. Gwajin ƙarfen taga duk Juma'a, ido ɗaya bayan ɗaya, don busasshiya tana iya juyewa mai tsatstsafo. Kallon gefen kafaɗar da take yi kuwa a bar ta, ita ce hanyar da ta gano wa kanta ta ɗora fuskar mutum a kan sashen da ke da lafiya, kuma a asibitin ido ma haka ake koya wa masu ciwon.

Kwalba ta uku tana nan ba a buɗe ba, mai sayarwar ya ce ba ya karɓar kaya in sun fita. Matan gida kuwa 'yar ta tara su ta sa kowacce ta kafa ido a kan yatsanta ta gwada gane wanda ke tsaye a gefe. Yanzu dokar gidan ita ce duk wanda zai shiga ɗakin, bayan sallama sai ya faɗi ko shi wane ne. Ta ce ƙaramin jikan, ɗan shekara huɗu, ya ɗauki abin da zafi, ko ruwa ya fita sha ya dawo sai ya tsaya a bakin ƙofa ya sake gabatar da kansa.